Akwatin Baba Tsit

Baba Tsit ya ci mini wata goma sha huɗu daga cikin rayuwata, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kyakkyawar niyya ya ci su. Da mugu ne, da na zage shi na huta. To ina za ka kai fushin mutumin da kullum safiya sai ya goge maka kujera kafin ka zauna?

Shi ne mai kula da ɗakin aune-aune na sashenmu a jami'a, can ƙasan bene, ƙarshen baranda, inda babu ko taga. Shekara talatin da ɗaya yana wurin. Ɗalibai su zo su tafi, farfesoshi su yi furfura su yi ritaya, shi yana nan da farar rigarsa mai aljihu uku da 'yar kwalbar mai a aljihun hagu. Bai yi karatu mai zurfi ba. A rumfar gyaran rediyon mahaifinsa ya tashi, kuma darasi guda ya ɗauko daga can: rediyo mai kyau ita ce wadda ba ta shuuu. In aka kawo mai kuka ko mai tsaki, sai ya bi ta waya-waya har ya kamo inda hayaniyar ke shiga, ya toshe. Sannan ya kunna, ya kara kunne, ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsit." Da kalmar ya shigo jami'a, ita ta zama sunansa. Ni dai ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba, har a bakin matarsa.

A ɗakinsa ba a jan kujera, ɗaga ta ake yi. Ƙofa ba ta ƙara, don kowace Litinin sai ta sha mai. Takalmi mai ƙwas-ƙwas a bakin ƙofa yake tsayawa. Ya taɓa bin wani ɗan zuuu da ke kutsawa cikin awo har kwana huɗu, ƙarshe ya gano firjin ɗakin shan shayi ne a hawa na biyu. Ya hau ya zare masa wuta, ya sauko yana murmushi, na sama suna ta tsine masa. Matarsa takan ce don ya gan ta shiru-shiru ranar farko ya nace sai ya aure ta, bai san ciwon haƙori take yi ba.

Abin alfaharinsa kuwa akwatunansa ne. Tsakanin allurar da ke taɓa abin da ake aunawa da na'urar da ke zana sakamako a allo, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe ruwan toka, bai fi sabulun wanki girma ba, wanda wayoyi ke ratsawa ta cikinsa. Da hannunsa yake haɗa su. Kowane akwati noti huɗu, kowane noti ya ɗiga masa jan-farce daga kwalbar da 'yarsa ta bari da ta yi aure, don in wani ya kwance ya gane. Ba wanda ya taɓa kwancewa. Me zai sa? Duk jami'ar an san awon da ya bi ta akwatin Baba Tsit ya fi na kowa tsafta, layi sumul kamar an ja da rula. Har daga wasu sassan ake zuwa roƙon ya haɗa musu.

Sai Allah ya haɗa shi da ni, wadda ta zo neman hayaniya da gangan.

Bari in faɗi aikina kamar yadda nake gaya wa mahaifiyata, ta ce "Allah ya taimaka" ta ci gaba da sabgarta. Akwai wasu ƙwayoyin maganaɗisu da ake ƙerawa, ƙanana har silin gashi ya fi su kauri sau dubu. Kowace ƙwaya ko dai ta kalli sama ko ta kalli ƙasa, da haka kwamfuta ke riƙe ɗaya da sifili. Masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta so suke in ka bar ƙwaya tana kallon sama, ka dawo bayan shekara goma ka same ta yadda ka bar ta. Mu namu akasin haka ne. Muna sirantar da ita da gangan har ta kasa zama wuri ɗaya, zafin ɗaki kawai ya riƙa juya ta sama da ƙasa ba tsari, ba wanda ya san inda za ta faɗa. In ka haɗa irinsu da yawa suna jan juna, sai ka samu kwamfuta mai lalube, kamar mai gwada makullai a ƙofa, tana canka tana gyarawa har ta dace. Irin wannan na da amfani a matsalolin da hanyoyinsu suka yi yawan da ba za a iya binsu ɗaya bayan ɗaya ba. Amma duk amfanin a saurin juyin yake. Mai juyawa sau goma a daƙiƙa abin wasa ce. Ni mai juyawa sau miliyoyi nake nema, kuma a kan samunta digirina na uku ya rataya.

Ranar da na yi masa wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a baya.

"Tsaya, Daktan Gobe," in ji shi, don haka ya raɗa mini tun ranar. "Wato wadda ta lalace kike nema?"

"Ba lalacewa ba ce, Baba. Haka ake son ta."

"Wadda ba ta san inda ta dosa ba."

"Ita fa."

"Kuma har digiri ake bayarwa a kai." Ya girgiza kai. "Da mun sani, da mahaifina ya mutu yana farfesa. Rumfarmu cike take da irinsu."

Duk da haka shi ya gyara mini tebur, ya saita allurai, ya ɗauko akwati mafi sabunta ya jona mini.

Ƙwayoyin a kan wani ɗan faranti ake zuba su, bai fi farcen babban yatsa ba, kuma kowane zubi yakan ci mini mako shida a ɗakin ƙira, ina sanye da rigar nan mai rufe mutum har gira. Zubi na farko ya yi kyau. Layin allo ya riƙa tsalle, ya hau sama ya ɗan zauna, ya faɗo ƙasa, a hankali kamar tsohuwa na hawan bene. Na yi ta murna, Baba ya kawar da kai kamar wanda ya ga abin kunya. Na ƙara sirantawa a zubi na biyu, sauri ya ƙaru. A na uku ya ƙara ƙaruwa, sai dai tsallen ya fara gajarta, ba ya kai wa sama sosai, ba ya kai wa ƙasa. Na ce da Baba abin ya ba ni mamaki. Sai ya tafi ya ba ƙofa mai alhali ranar Laraba ce.

Zubi na huɗu shi na fi sa wa rai. Ƙwaya arba'in a faranti, duk na bi lissafi daki-daki. Na sauke allura a kan ta farko, sai layi ya miƙe sambal a tsakiyar allo. Ba sama ba, ba ƙasa ba, ba ko motsi.

Baba ya leƙo ta kafaɗata. "Kin ga," ya ce, "ta samu lafiya."

Na ji kamar in haɗiyi zuciya. Na gwada ta biyu, ta uku, ta goma, duk kanwar ja ce. Na yanke cewa matattu ne, wani abu ya lalace a wurin ƙira. Wadda ta ƙi motsi sai in ƙara mata wuta ko za ta farfaɗo, in ƙara, in ƙara, har ta ƙone. Haka na yi ta yi duk ranar da takaici ya ishe ni, har na ƙone talatin da bakwai da hannuna. Sannan na jefa farantin a durowa na koma baya. Na yi zubi na biyar da na shida da na bakwai, ina sauya haɗi, ina ƙara kauri, ina ragewa. Masu kauri su yi tsallensu na tsofaffi, sirara su miƙe layi. Na rame, na daina zuwa bikin kowa, na daina ɗaukar wayar ƙanwata don na gaji da tambayar "Yaya, yaushe za ki gama?" Abokan da muka fara tare suka sa hular kammalawa, na je na yi musu tafi.

Farfesa, mai duba aikina, mutum ne da kullum makullin mota ke hannunsa, a tsaye yake magana kamar ana jiransa a waje. Wata safiya ya tare ni a baranda.

"Kwamiti zai zauna ranar ashirin da takwas," ya ce. "In babu hoton juyi mai sauri a gabansu, za a rufe wannan babi. Ki ɗauki wani maudu'i daga farko."

"Ranka ya daɗe, shekara uku fa ke nan."

"Na sani. Shi ya sa ba zan bari su zama biyar ba."

Kwana goma sha tara suka rage.

Washegari Baba bai zo ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya daɗe yana fama da wani fito a kunnen dama, wiii ba dare ba rana, sai matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Mutumin da ya kori hayaniya daga gini guda, ga ta ta tare a cikin kansa inda ba zai iya sa hannu ba. Ina cikin jan na'ura don in gyara zama, sai kan wayar ya ɓalle daga bakin akwatin, ƙarfen ya karye a ciki. Dokar ɗakin ita ce a jira shi. Ni kuwa ba ni da ranar da zan ba kowa. Na ture akwatin gefe, na samo wata waya na jona allura kai tsaye da na'ura, jonin da in Baba ya gani sai ya kore ni daga ɗakin. Don kada in yi asarar sabuwar ƙwaya wajen gwada jonin banza, sai na ɗauko tsohon farantin zubi na huɗu daga durowa, na sauke allura a kan ɗaya daga cikin ukun da ban ƙone ba.

Allon ya haukace.

Da farko na ce shi ke nan, dattin waya ne. Sai na matse lokacin awo, na ƙara matsewa, na kai shi ƙarshen abin da na'urar za ta iya. A cikin dattin nan sai ga hawa biyu sun fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa, layi na tsalle tsakaninsu da saurin da ban taɓa gani ba ko a mafarki. Ba matacciya ba ce. Gudu take yi tun wata goma sha huɗu, ni ce ban gani ba.

Na jawo akwatin. Na kankare jan-farcen da farcena, na kwance noti huɗu. Ciki tsaf-tsaf kamar ɗakin amarya, kowace waya a kwance inda ya kamata. A tsakiya kuma ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake an liƙa shi da dalma, abin da masu gyaran rediyo ke kira kwandansa. Na san aikinsa sarai. Mataci ne: duk abin da ke motsi da sauri ya haɗiye shi, ya bar mai tafiya a hankali ya wuce. Ƙwayata na tsalle sama da ƙasa, shi kuma yana miƙo mini tsaka-tsakinsu, kamar yadda fanka in ta yi gudu ba ka ganin fukafukanta sai faifai guda a tsaye. Wadda ta fi kowa sauri ita ta fi kowa kama da gawa. Kuma irinta na ƙone talatin da bakwai.

Ban yi kuka ba. Na sa akwatin a jaka na nufi gidansa da yamma.

Gidan Baba kamar ɗakin aikinsa yake: ƙafafun kujeru duk an naɗe su da tsumma, agogon bango ba ya ƙas-ƙas. A kicin kawai rediyo ke kwarara baki, nan ne mulkin matarsa, wadda duk muke kira Mama. Ta kawo mini ruwa, ta ɗaga murya. "Tsit, fito, ga 'yar hayaniyarka ta zo duba ka."

Ya fito da auduga a kunne. Na ajiye akwatin a buɗe a kan tebur. Ya dube shi.

"Kin kwance noti," ya ce.

"Na kwance, Baba. Wannan mene ne?"

Ya zauna. "Tun kafin ki shiga firamare nake sa shi. Yara su zo awonsu na rawa, su kasa rubuta komai, su yi ta kuka a baranda. Na sa musu wannan, layi ya kwanta, suka gama suka tafi. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Su layi kwantacce suke nema. Ni rawar nake nema! Ban gaya maka ba tun ranar farko?"

"Kin gaya mini."

"To?"

"Na zaci taki rawar za ta wuce. Ai ta farko ta wuce."

Da ya tsaya nan, da wataƙila na sauko. Rashin sani ya fi dare duhu, kowa na iya faɗawa. Amma sai Mama ta ce daga bakin ƙofa, "Gaya mata sauran mana. Wata nawa ke nan abinci ba ya shiga cikinka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar da kika ce tsallen na gajarta, gabana ya faɗi. Na yi ta cewa ba shi ba ne. Daga baya na daina ce wa kaina komai."

"Ka yi zargi, ka yi shiru? Kana kallona ina ƙone su ɗaya bayan ɗaya?"

"Akwati ashirin da uku ne a ginin nan, 'yata. In na ce wannan na ɓoye abu, sauran fa? Ɗalibai nawa suka bi ta cikinsu? Ni ba ni da takarda. Akwatunan nan su ne takardata."

Na tashi. Na ce masa garin neman gira an rasa ido, kuma idon nawa ne ba nasa ba. Na faɗi wasu maganganun ma da bai kamata a gaya wa sa'an uba ba, ba kuma zan maimaita su ba. Ruwan Mama ko taɓa shi ban yi ba.

Da safe na kira Farfesa ya sauko ya gani. Ya yi kamar minti ɗaya yana murna, sannan wani ya hau lif a ƙarshen baranda, layin gaba ɗaya ya yi girgiza.

"Ga matsalar," ya ce. "Da wannan jonin, kwamiti zai ce hayaniyar waya ce kike sayar musu. Sai kin nuna tsallen ƙwayar ne ita kaɗai, ba na lif ba, ba na fanka ba." Ya juyo ya dube ni. "Kuma me ya ɓoye wannan har wata goma sha huɗu?"

Amsar na jakata. Ina ciro ta na wanke kaina tas. Wallahi na so in ciro, har hannuna ya kai kan zif. Sai na ji bakina yana cewa, "Waya ce ta samu matsala, ranka ya daɗe." Na ji haushin kaina nan take.

Ƙofar ba ta ƙara, shi ya sa ba mu ji shigowarsa ba. Baba ya zo ya ajiye wani tsohon gwangwanin madara a kan tebur, ya kifar. Ƙananan ƙwayoyin waken nan suka warwatsu. Tun sassafe ya zaga ginin ya ciro su.

"Ashirin da biyu ne," ya ce. "Cikon na ukun yana jakarta. Ba waya ba ce, ranka ya daɗe. Ni ne."

Ranar na fara ganin Farfesa ya ajiye makullin mota.

Ba a yi masa wulaƙanci ba, amma ba a ƙyale shi ba. Yawancin tsofaffin awon na abubuwa ne masu tafiya a hankali, mataci bai cuce su ba, sai dai dole a bi su ɗaya-ɗaya a tabbatar, a rubuta wa waɗanda suka tafi. Aka ba shi takarda ya miƙa makullin ɗaki a ƙarshen wata, ya yi ritaya, ko da yake saura masa shekara biyu. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya haɗa mini akwatin da zan kai kwamiti.

Kada wani ya zaci daga nan muka rungumi juna. Kwana goma sha biyar muka yi muna aiki muna ciza baki. Aikin da ke gabansa ya fi duk wanda ya taɓa yi wuya: ya kori kowace hayaniya ta ginin nan, ya bar guda ɗaya ta wuce ba tare da ya taɓa ta ba. Ya gajarta wayoyi, ya naɗe su da ragar tagulla, ya sauya inda aka binne wayar ƙasa, ya bi lif, ya bi fanka, ya koma kan tsohon abokin gabarsa firji. Kowane lokaci ya toshe wata kafa, wata ta ɓulla. In abin ya ishe shi sai in ga hannunsa na tafiya wajen gwangwanin.

"Ɗan ƙarami, Daktan Gobe. Ƙarami ƙwarai. Ba zai ci komai ba."

"Baba, ko ƙurarsa."

"To ki sani ke da kwamitinki kun ƙi gaskiya."

Ƙwaya uku masu rai suka rage mana a farantin. Ta farko ni na kashe ta. Na shigo a fusace, na manta ban ɗaura igiyar nan ta hannu mai sauke wutar jiki ba, na taɓa allura, shi ke nan. Ya dube ni, kallon ya fi zagi ciwo. Ranar na tuna cewa laifi tudu ne. Wata goma sha huɗu akwati na gabana, ni mai neman digiri na uku, na zargi lissafina, na zargi ɗakin ƙira, na zargi ƙaddara, ban taɓa tambayar abin da ke cikinsa ba, don kawai an ɗiga wa noti jan-farce.

Ta biyu shi ya kashe ta. Yana sauke allura jiri ya ɗebe shi saboda kunnen, hannunsa ya goce, allurar ta huda ta. Ya janye hannun ya sa a aljihu, ya je ya zauna a kujerar kusurwa yana kallon bango. Na ga ƙeyarsa, na je na ɗage allurar da kaina.

Saura kwana biyu kwamiti ya zauna, saura ƙwaya ɗaya. Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya hau sama ya zare firji, ya liƙa takarda a jikin lif cewa ya lalace, ƙarya tsagwaronta. Ya dawo yana haki.

"Ke za ki sauke," ya ce. "Hannuna ya gama aiki."

Na ɗaura igiya, na duba ta sau biyu. Na sauke allurar a hankali har ta taɓa.

Hawa biyu suka fito a allo, tsaf, kamar shi ya ja su da rula. Tsakaninsu layi na ta tsalle ba tsari, ba fasali, sau miliyoyi. Babu lif a ciki, babu fanka, babu firji. Baba ya matso, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Na ga yatsansa ya fara ɗagawa irin na kullum, ya tsaya a hanya, ya sauke.

"Duk abin da ke nan nata ne," ya ce. "Ba na kowa a ciki." Sannan ya ce in ɗan juya allon gefe, yana sa masa ciwon kai.

Kwamiti bai rufe babin ba. An ƙara mini shekara guda in maimaita zubi na huɗu, wato in koma inda nake tun bara. A cikin makon kuma Farfesa ya turo mini wata takarda da wasu masu bincike a wata ƙasa suka fitar, da hoto kusan irin nawa, wata biyar da suka wuce. Na karanta ta a tsaye a baranda, na ninke ta huɗu. Ba abin da zan ce ban da sun riga ni.

Ranar ƙarshen wata Baba ya zo da farar rigarsa a goge. Ya share ɗaki, ya ba ƙofa mai, ya goge mini kujera. Sabon akwatin har lokacin a buɗe yake, don muna ta gyare-gyare. Ya ɗora murfin, ya ɗaure noti huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalbar jan-farce, ya buɗe, ya ɗago ɗan burushin har ya kai kan noti na farko. Nan ya tsaya. Ɗigon ya taru a bakin burushin yana shirin faɗowa. Ya mayar da shi cikin kwalba, ya rufe, ya sa a aljihu. Ya ɗauki sukudirebarsa mai jan kai, wadda ko Farfesa bai isa ya ara ba, ya miƙo mini.

"Wannan ki buɗe duk ranar da kika ga dama," ya ce. "Kada ki yarda da kowa, Daktan Gobe. Har ni."

Ya miƙa makulli a ofis ya tafi. Nakan je gaishe su wani lokaci. Kunnen bai daina fito ba. Mama ta ce yanzu shi ke kunna rediyon kicin da kansa, ya murɗa ta inda babu tasha, wai shuuu ɗin na rufe masa na cikin kai.

Mutane kan tambaye ni ko na yafe masa. Gaskiya ban gama ba. Duk ranar da na sa rigar ɗakin ƙira don maimaita abin da na riga na yi, sai raina ya sake ɓaci kamar yau aka yi. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa. Sukudirebar na nan a durowata, kusa da farantin mai ƙwaya talatin da tara matattu. Duk awon da zan kai kwamiti ta cikin akwatinsa yake bi, kuma har yau ban buɗe shi ba.